Ƙurji a Bakin Dillali

Maigidana dillalin tumaki ne. Tun kafin ya aure ni yake bin kasuwanni, daga ta Daura zuwa ta Mai'adua, kuma in aka kawo masa rago, kafin mai shi ya gama yabonsa ya riga ya matse masa muƙamuƙi, ya leƙa haƙora, ya faɗi shekarunsa. Shi ya sa ranar da na fito tsakar gida da hantsi na tarar da shi tsugune a gaban babur ɗinsa, ya karkato madubi, ya zaro harshe yana duba cikin bakinsa, ban ɗauki abin da zafi ba.

Na ce, "Malam, shekara nawa ka samu?"

Ya zabura har hularsa ta faɗi. Ya ce wai nama ne ya maƙale masa a haƙori. Rabon gidan da nama kwana huɗu ke nan. Na dube shi, na wuce na ɗauki jakata, domin ni malamar firamare ce kuma an kusa kaɗa ƙararrawa.

Kafin in ci gaba sai na faɗi abin da ko maƙwabciyata ta jikin katanga ba ta sani ba. Ina ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau. Mijina na fari ya rasu bayan doguwar jinya, wasu suka ce sammu ne, wasu suka ce shawara ce, aka binne shi ba wanda ya san gaskiya. Na yi takaba, na zauna gidanmu shekara biyu, sannan wannan bawan Allah ya fito. Lokacin ba a daɗe da ƙaddamar da Shari'a ba, kuma ba wanda ke tambayar takardar gwaji kafin ɗaurin aure. Sai da na samu ciki na je awo aka ɗebi jinina, aka kira ni wani ɗan ɗaki a can bayan asibiti, aka gaya mini. Aka ce in zo da maigida. Aka gwada shi, ba shi da ita. Aka sake bayan wata uku, ba shi da ita.

Ban manta dawowarmu ranar farko ba. Ina bayansa a babur, ina jiran ya tsaya ya ce in sauka in wuce gidanmu. Ya kuwa tsaya, amma a gaban mai shago. Ya sayo ruwan leda guda ɗaya, ya miƙo mini, na fasa da haƙori na sha rabi. Ya karɓa ya kafa baki a daidai inda na sha, ya shanye. Ya ce, "Malama, hau mu je, rana na yi." Iyakar jawabinsa ke nan a kan lamarin, har yau.

Aka ɗora ni a kan magani. 'Yarmu ta fari ta zo lafiya lau, ba ta ɗauka ba, ta biyun ma haka. Shi ne mai tuna mini ƙwayar maganina kullum in ya dawo daga sallar Asuba, kafin ma ya ce ina kwana. A haka muka shekara tara.

Akwai kuma abu na biyu da sai na faɗa, ko da yake alƙalamin na jin nauyi. Duk shekarun nan muna kiyaye abin da aka ce mu kiyaye. Kwaroron roba bai taɓa yankewa a ƙasan akwatina ba, in ka cire lokacin da muka nemi 'yarmu ta biyu da shawarar asibiti. To amma ma'aurata in sun daɗe sun shaƙu, wasa kan kai su inda ba su shirya zuwa ba. Wata rana a cikin daminar nan wasan ya kai bakinsa ga al'aurata. Na faɗa sau ɗaya, ya isa. Washegari ba wanda ya tayar da zancen, na dama koko, ya sha, ya fita. Ni har na manta.

Bayan ranar madubi abubuwa suka fara yawa. Mutumin da ke cin tuwo malmala uku ya koma ɗaya da rabi. Ya daina yaji. Yana zaune sai in ga ya ɗaga haɓa ya haɗiyi yawu a hankali, ya tsaya yana saurare, kamar mai jiran a amsa masa sallama daga cikin maƙogwaro. Sai ya kai hannu ya lalubi wuyansa, ya koma hammata, yana neman kaluluwa. Ranar wanki na ga ya yi wani ƙulli a mazagin wandonsa. Na kwance. Da ya zo sawa ya fito yana tambaya a ruɗe wa ya taɓa masa mazagi. Ashe alama ya yi don ya gane ko yana ramewa. Mutum ya rage tuwo da rabi, sannan ya sa wa wando ido ya ga ko zai yi masa yawa.

Na tambaye shi ko ba shi da lafiya, ya ce kasuwa ce ba daɗi. Na bar shi. Na san halinsa: in ka ja shi ya toge, in ka saki igiya ya biyo ka da kansa.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne yadda ya ƙara matsowa kusa da ni. Da can shan ragowar ruwana ba wani abu ba ne, in ya zo a hannu ya sha, in bai zo ba shi ke nan. Yanzu sai ya zama aiki. Ina ajiye moɗa zai ɗauka ya shanye, ya yi hamdala da ƙarfi, ya dube ni ya tabbatar na gani. In na gutsiri goro sai ya ce in ba shi sauran. Na fara cewa ko dai tsufa ne ya zo masa da sabuwar soyayya.

Ran nan da yamma ya sha ragowar kununa kamar yadda ya saba, ya miƙe ya zaga bayan ɗaki. Na bi shi da nufin in ce ya kwanto mini akuya. Na tarar da shi a durƙushe kusa da turke, da kofin ruwan gishiri a hannu, yana kurkure baki yana tofarwa, yana sakewa, har yana ƙaƙarin amai. Bai gan ni ba. Na juya a hankali na shiga ɗaki na zauna a bakin gado. Wannan kam ba ta ba ni dariya ba. Shekara tara ban taɓa jin ni mai cuta ce a cikin gidan nan ba sai ranar. Na yi kukana kaɗan, na wanke fuska, na fito na ɗora tukunya.

Lasifikar masallacin unguwarmu ce ta warware mini. Tun shekarun da aka fara Shari'a karatu ya yawaita a masallatai, namu ma tsakanin Magariba da Isha ake yi, mu mata muna ji daga gida. In malam ya rufe littafi sai a miƙo masa tambayoyi a 'yan takardu, ba suna, ya karanta ya amsa. Ina tuƙa tuwo ranar na ji ya gyara murya.

"Mai tambaya yana cewa: Allah gafarta Malam, mene ne hukuncin mutumin da ya sa bakinsa a inda ba a saba sawa ba, a cikin gidansa, ba da nufin ɓarna ba? Kuma shin akwai abin da zai iya kama shi a jikinsa?"

Muciya ta tsaya a hannuna. "Ba da nufin ɓarna ba" kalmar maigidana ce. Da ita yake raba rigimar mai saye da mai sayarwa, da ita yake ba ni haƙuri in ya manto cefane. Nan take komai ya haɗu a kaina: damina, madubi, mazagi, ruwan gishiri.

Malamin masallaci ya ce, "Wannan tambaya ce mai muhimmanci ƙwarai, kuma abin ya yi yawa a wannan zamani."

Na ce a raina yau unguwa za ta ji abin da ba ta taɓa ji ba.

"Sa baki a abin da bai shafe ka ba," in ji malam, "ba halin mumini ba ne. Za ka ga namiji da gemunsa ya tsaya a bakin murhu yana sa baki a rabon nama. Mata na 'yar hayaniyarsu, ya tsoma baki. Ko da ba da nufin ɓarna ba ne, ɗan'uwa, ka kame bakinka."

Ya yi kusan rabin awa a kan katsalandan da tsegumi. Da ya zo kan abin da zai iya kama mutum a jikinsa, sai ya ce hawan jini ne da zubewar girma. Ni kuwa na zauna daɓas a ƙasa ina dariya har hawaye, tuwo na neman kamawa. Ina hango maigidana a cikin sahu, ya sunkuyar da kai, an ɗauki tambayar da ya kwana uku yana sassaƙawa an kai ta bakin murhu.

Da ya dawo na ajiye masa abinci, na ce, "Karatun yau ya yi daɗi."

Ya ce, "Uhm."

Na bari sai washegari bayan La'asar, yara sun tafi Islamiyya. Na dama masa fura, na zauna a gefen tabarma, na jira ya kai ludayi baki.

"Malam, an dai amsa maka tambayarka jiya?"

Furar ta sarƙe shi. Na bubbuga masa baya har ya lafa. Ya buɗe baki zai musa, ya dube ni, ya fasa.

"Ya aka yi kika gane?"

"Duk Daura mutum nawa ne ke yin abu ba da nufin ɓarna ba?"

Ya so ya yi dariya, ba ta fito ba. Sai ya ajiye ludayi ya ba ni labari. Kwana shida bayan abin nan na damina ya je kasuwar Mai'adua. A bakin kara, inda ake ɗaure dabbobi, wani mai maganin gargajiya ya faka mota da lasifika a samanta. Yana cikin tallan maganin basir sai ya juya kan ma'auratan zamani masu kai baki inda Allah bai ce ba. Ya ce ƙanjamau ta baki ta fi saurin shiga, domin baki ba shi da ƙofa, kuma alamarta ta farko ƙurji ne a cikin kumatu. Maigidana ya zagaya da harshe, ya ji ƙurji a kumatun hagu. Ya ce a take lissafi ya ɓace masa, har ya sallama wani rago a kan farashin da ya sa mai saye ya sake tambayarsa ko ya ji daidai.

"Ka sayi maganin?"

Ya sunkuyar da kai. Kwalba biyu. Yana ɓoye su a buhun dusa. Tun da ya fara sha cikinsa ya ɓare, shi kuma ya lissafa gudawar a matsayin alama ta biyu. Rama ta uku. Zufa ta huɗu.

Na ce, "Malam, watan nan ko jaki zufa yake yi."

Sannan na tambaye shi abin da ke cina. Na ce na gan shi a bayan ɗaki da ruwan gishiri. Na ce in ƙyamata yake ji, ya faɗa mini a fili, ya fi mini sauƙi da ya sha ragowata a gabana ya je ya wanke baki a bayana.

Ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago idonsa ya yi ja.

"Wallahi Malama ba ƙyama ba ce. Ni kaina na san ba a ɗauka a kofi, shekara nawa ina sha. Amma tun da ƙurjin nan ya fito hankalina ya daina jin maganata. In na sha sai wani abu ya ce mini tashi ka wanke. In ban sha ba kuma sai in ga kamar za ki gane ki ji ciwo."

"To ga shi na gane, na kuma ji."

"Ki yafe mini." Ya juya ludayi a cikin kwano. "Kuma ba mutuwa nake tsoro ba. Ga ki nan kina shan magani, kin fi ni ƙarfi. Abin da nake tunani, in na kwanta ciwo 'yan'uwana za su kai ni asibiti, a gano, a bi sawu. Ba za su ce ni na kai kaina ba. Ke za su ce."

Na ɗauki ludayin na sha furar, na miƙa masa. Ya karɓa ya sha. Muka zauna. Ina kallonsa yana kallon hanyar bayan ɗaki da gefen ido, amma bai tashi ba.

Na ce jibi ranar karɓar maganina ce, tare za mu je. Ya ce ko dai mu tafi Katsina inda ba a san mu ba. Na ce matar da ta shekara tara tana duba jinina ita ce yake jin kunyar ta ga harshensa?

Matar nan ma'aikaciyar jinya ce, dattijuwa, gajera, mai tabarau a kan hanci. Kowa Sista yake ce mata. Ita ce ta gaya mini sakamakona tun farko, ita ce kuma ke gwada maigidana duk shekara. Muka shiga, aka gaisa, aka tambayi yara. Ta miƙo mini maganina. Ta ga ba mu tashi ba.

"Da magana ne?"

Na taɓa shi da gwiwar hannu. Ya yi gyaran murya ya kafa wa kalandar bango ido.

"Sista, dama wani abokina ne."

"To."

"Shi abokin nawa, matarsa tana da wannan lalura. Shi ba shi da ita. To sai wata rana, ba da nufin ɓarna ba..."

Ya tsaya. Sista ta cire tabarau ta goge da gefen mayafi.

"Abokin nan naka, matarsa a wurina take karɓar magani?"

"E to, kusan haka."

"Tana cikin ɗakin nan?"

Na ga in na bar su za a kira Azahar ba a kai ga tambaya ba. Na ce, "Sista, bakinsa ne ya kai ga jikina, can ƙasa, wata biyu da suka wuce. Ƙurji ya fito masa a kumatu. Tun daga nan yake shirin barin wasiyya."

Maigidana ya ja hula ya rufe rabin goshi. Sista ko gezau. Ta ce ba shi ne na farko da ya zauna a kujerar nan da labarin aboki ba, kuma ba zai zama na ƙarshe ba.

"Malam, saurara da kyau. Yawu ba ya ɗaukar wannan cuta ya kai wa wani. Kofi, cokali, sumba, duk ka cire su daga lissafi. Shi kuma abin da kuka yi, ko da a ce matar ba ta shan magani, hatsarinsa kaɗan ne ƙwarai in ka gwada shi da saduwa ba kariya. Ban ce babu shi ɗungurungum ba. Yana ɗan ƙaruwa in akwai rauni a baki, ko dasashi na jini, ko mace na haila, ko maniyyi ya shiga bakin mutum, musamman in mai cutar ba ya kan magani. Kuma akwai wasu cututtukan sanyi da suka fi wannan saurin bi ta baki, su ma ana duba su."

Ya ce da sauri, "To ai ni akwai raunin."

"Ban gama ba."

Ta janyo fayil ɗina ta buɗe, ta juyo masa da takardar, ko da yake bokonsa bai wuce karanta lambar mota ba.

"Wannan gwajin yawan ƙwayar cutar ne a jininta, na baya-bayan nan. Ga na bara, ga na bara waccan. Maganin ya danne ta har na'ura ba ta iya ganinta. Ba warkewa ta yi ba, in ta daina sha za ta taso. Amma muddin tana sha kullum, gwaji kuma yana nuna haka, ba za ta sa maka ta hanyar kwanciya ba, balle ta baki. Kuma wa ke tuna mata maganin kowace safiya?"

Ya ce a hankali, "Ni ne."

"To kai ka rufe ƙofar da hannunka, ka dawo kana kwana a bakinta da sanda. Buɗe bakin in gani."

Ta haska tocila, ta danne harshen da ɗan katako. Ba ta yi minti ɗaya ba ta ce, "Turmin haƙorinka na hagu ya fashe, bakinsa kamar aska. Shi ke yankar kumatun duk lokacin da ka tauna. Me kake sa wa wurin?"

Ni na amsa: gishiri safe da yamma, da kwalba biyu daga kasuwar Mai'adua. Ta tambayi ko yana gudawa, ya ce e. Ta ce ya zubar da kwalaben yau, ya kuma bar ƙurjin ya huta. Ta ce ba a gane wannan cuta da ƙurji ko zufa ko rama, gwaji kaɗai ke nunawa, kuma fargaba ita kanta tana busar da maƙogwaro ta hana cin abinci.

Ta soke masa yatsa ta ɗiga jinin a kan 'yar takardar gwaji, ta ce a jira kwata. Ya ciro carbi. Ni da na shigo ina tsokanarsa, ni da na san duk abin da Sista ta faɗa tun kafin ta faɗa, sai ga ni na matso da kujera kusa da takardar gwajin. Na ƙura wa abin ido ina cewa a zuci, ya Allah kada ta hannuna. Ashe waswasi ba ya tambayar ko ka yi makaranta.

Layi ɗaya ya fito. Ba shi da ita.

Sista ta ce don a rufe zancen ya dawo in an cika wata uku daga ranar da abin ya faru, domin gwajin kan ɗauki lokaci kafin ya nuna sabon kamu. Ta ce ba don tana shakka ba, don dai shi ya samu barci. Ta rubuta masa takarda zuwa wurin masu haƙori.

Na ɗauka an gama. A hanya har ya tsaya ya sayi tsire. Kwana uku yana cin tuwo malmala uku, ƙurjin ya fara rufewa. Rana ta huɗu mura ta kama shi, ya koma lalubar wuya.

Bayan mako biyu ya dawo gida da rana tsaka yana sosa ƙeya. Ya ce, "Sista ta ce in gaya miki da bakina, ta kore ni." Ashe zuwansa na biyu ke nan a ɓoye. Na farko ta tausaya ta sake gwada shi. Na biyun ta ce ba za ta ɓata kayan gwaji ba. Ta tambaye shi, in mutum ya yi alwala, ya tayar da salla, sai zuciya ta ce masa anya ka wanke hannun hagu, ya koma ya sake, ya dawo ta sake ce masa anya, me malamai suka ce ya yi? Ya ce cewa suka yi ya yi banza da ita ya ci gaba da sallarsa, in ya biye mata ba zai taɓa idarwa ba. Ta ce to nasa ciwon ke nan, ba a jini yake ba. Duk gwajin da ya ƙara kafin lokaci, ciyar da waswasin yake yi. Ta ce in abin ya ƙi sauƙi har ya hana shi kasuwa, akwai likitan da ke duba irin wannan damuwa, za ta haɗa su, kuma ba abin kunya ba ne.

Muka yi yarjejeniya ni da shi. Ba duba baki, ba lalube. In tsoron ya zo, ya faɗa mini sau ɗaya da safe, in saurara, shi ke nan sai gobe. Haka aka yi. Ina shan ƙwayata yana ba ni rahoto. "Yau maƙogwaro ne." In ce Allah ya sawwaƙe. "Yau kamar gwiwa." In ce gwiwa kuma ta shekaru ce, ba ruwan kowa. Wata rana rahoton ya yi tsawo, wata rana ya zo da dariya. Akwai safiyar da ya zauna ya ce yau abin ya yi nauyi, ranar ban tsokane shi ba, na bar shi ya raka ni har ƙofar makaranta. A hankali rahoton ya fara tsallake kwana. Ranar da wata ukun ya cika ni ce ma na tuna masa. Aka gwada, layi ɗaya. Sista ta ce sai kuma na shekara, in ta gan shi kafin nan sai dai in rago ya kawo mata.

Saura haƙori. Mutumin da ya yi wata biyu yana shirin haɗuwa da Ubangijinsa, sai ga shi takardar masu haƙori ta yi mako bakwai a aljihu. Yau kasuwa, gobe ta'aziyya, jibi wai ya ji kamar haƙorin ya daina kaifi da kansa. Sai da kumatun ya sake yagewa ya kasa cin ƙosai sannan ya yarda. Na ɗauki izini a makaranta na raka shi, muka bar babur a gida don an ce kada ya tuƙa bayan allura.

Ina zaune a benci ina jiyo shi yana salati tun kafin a taɓa shi. Ba a jima ba ya fito da auduga cike da baki, kumatu ya kumbura, yana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai a ka. Muka tari mai adaidaita. Mun kusa kwanar gidanmu ya taɓo ni ya yi wata magana cikin audugar. Ban ji ba. Ya sake. Na matso da kunne, ya sake na uku, yana nuna bakinsa, yana kwatanta ƙarfen cire haƙori da yatsu biyu.

Tambaya yake ko na ga sun dafa ƙarfen kafin su sa masa.

Na ce, "Malam!"

Ya ɗaga hannu biyu sama. Dariya ta taso masa, ta taɓa wurin ciwon, ya dafe kumatu yana nishi, idonsa na hawaye. Na ce a cikin leda a rufe aka ciro shi, ta ƙofa na hango da idona. Ya gyaɗa kai. Muka sauka, na dama masa koko mai ruwa-ruwa na bar shi ya huce, ya sha ta gefen dama. Da La'asar ya farka ya ce in duba masa ko akuya ta sha ruwa.